Sunan Wa Za a Sa wa Ɗan Balaraba?

Ku gyara zama, yau na zo muku da shari'ar da ta gagari dattawan unguwarmu.

Malam Kallamu tsohon direba ne, 'ya'yansa maza uku, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya sha labarinsu, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Babban, Nafi'u, yana da wani jibgegen babur da ya zo da allonsa a jiki tun daga kamfani, irin wanda ake taɓawa da yatsa ya nuna taswirar hanya. Da safe sai ya goge allon nan kafin ya wanke fuskarsa. Mai bi masa, Rabilu, ɗan acaɓa ne, wayarsa kawai yake maƙalawa a gaban babur. Kullum suna musu. Rabilu ya ce allon yayansa kurma ne, ba ya jin abin da gari ke ciki. Nafi'u ya ce wayar Rabilu 'yar gata ce, rana ta yi zafi ta suma, ruwa ya sauko ta haukace. Ƙaraminsu Zubairu tela ne, ko keke ba shi da shi.

Wata rana a tsakiyar damina aka bugo waya daga Tudun Marke, garin da ƙanwarsu Balaraba take aure a hayin kogi. Ta haifi namiji, amma jini ya ɓalle mata, likita ya ce in ba a yi mata ƙari kafin faɗuwar rana ba, sai dai haƙuri. An gwada mijinta da danginsa, babu wanda nasa ya dace. Zubairu ne kaɗai aka san jininsu iri ɗaya. Tsoro ya kama Malam Kallamu. Abin da ya iya faɗa kawai shi ne, "Ku je ku ceto min 'yar'uwarku."

Nafi'u ya goya Zubairu, allonsa ya nuna masa kwalta sambal har kan gada. Sun fara tafiya ke nan Rabilu ya sha gabansu. A wayarsa ya ga hoton da abokan sana'arsa suka turo: ambaliya ta cinye gadar tun da safe, allon kuwa bai sani ba. Da sun bi ta can, da rana ta faɗi suna kallon ɓaraguzai. Suka juya zuwa tsohon mashigin masunta, ta cikin daji.

Suna shiga dajin ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Wayar Rabilu ta jiƙe, ta shiga buɗe abin da ba a ce ta buɗe ba, sabis ma ya ɗauke, dole ya ƙunshe ta a leda ya cusa aljihu. Fadama ta cika ta shafe hanya, gabas da yamma duk ɗaya. Allon Nafi'u ko gezau, taswirarsa na cikinsa. Shi ya riƙa nuna musu burtalin shanu da ruwa ya rufe, Nafi'u yana kutsawa cikin taɓo, Rabilu na bin sawunsa, har suka iso bakin kogi.

A nan amfanin babura ya ƙare, da na allo da na waya. Kogi ya kawo iya wuya, mai kwalekwale ya rantse ba zai saka jirginsa ba. Zubairu, wanda tun yana yaro ganin allura ke sa shi gudu, ya tuɓe riga, ya ari goran wani masunci, ya rungume shi ya faɗa ruwa. Igiyar ruwa ta ja shi nesa kafin ya dafe gaɓa. Ya isa asibiti yana rawar sanyi, ya miƙa hannu ya kau da kai aka ɗebi jininsa. Balaraba ta rayu.

Ana gobe suna, Sallau mijin Balaraba ya zo ya durƙusa gaban surukinsa ya ce, "Baba, yaron nan da maraya ne yau. Sunan ɗaya daga cikin kawunnansa zai ci, amma ni na kasa zaɓa. Na bar muku."

Malam Kallamu ya dubi 'ya'yansa uku a jere, alfahari ya cika masa ƙirji har idonsa ya kawo ruwa. Sai dai jaririn ɗaya ne, suna kuma ɗaya ake raɗawa. Ba don wayar Rabilu ba, da sun tafi inda babu gada. Ba don allon Nafi'u ba, da sun ɓace a fadama. Ba don Zubairu ba, da zuwan bai yi amfani ba.

Ga rago can a ɗaure, liman zai zo da sassafe. To, ku da kuke saurare, a cikin ukun nan wane ne ya cancanci a yi masa takwara?