Manomin da Ya Hau Dutse Sau Biyu

Akwai wani manomi da yake zaune a wani ƙauye a gindin dutse, kusa da kogi. Yana da maƙwabci wanda suka shekara shida ba sa gaisawa, gama maƙwabcin ya taɓa ture iyakar gona, ya cinye masa kunya goma sha biyu, ya kuma rantse a gaban dattawa cewa tasa ce.

Wata damina aka kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. A rana ta huɗu da hantsi kogi ya tumbatsa, ya shigo gari. Mutane suka tashi a guje suka nufi dutse. Hanyar hawan ƙunci gare ta, ga santsi, sai mutum ya dafa da hannu yana rarrafe. Manomin ya sa matarsa da 'ya'yansa a gaba, suka yi ta hawa har suka kai bisa.

Bai gama mayar da numfashi ba ya leƙa ƙasa, sai ya hangi mutum ɗaya zaune a kan katanga, ruwa yana lasar ƙafafunsa. Maƙwabcin nan ne. Ya faɗo daga kan rumbu a makon da ya wuce, ya karye a cinya, cikin ruɗewa kuwa ba wanda ya tuna da shi.

Manomin ya tuɓe rigarsa. Matarsa ta riƙe masa hannu, ta ce, “Maigida, ruwa ƙaruwa yake yi. Ka manta abin da mutumin nan ya yi mana?”

Ya ce, “Ban manta ba. Ki kula da yara.”

Ya gangara, ya kutsa cikin ruwa har iya ƙirji, ya goya mutumin a baya, ya soma hawa na biyu. Mutumin ƙato ne. Gwiwoyin manomin suka kuje, jini yana zuba, sau biyu yana zamewa. Da suka kai tsakiya, maƙwabcin ya fashe da kuka, ya ce, “Ajiye ni nan, ɗan'uwa. Ƙarya na yi, gonar nan taka ce.”

Manomin ya ce, “Na sani. Riƙe ni da kyau, da sauran tafiya.”

Da suka kusa kaiwa, mutanen da suke bisa suka ji kunya, suka miƙo hannu suka jawo su. Manomin ya zube a kan dutse yana haki.

'Yan'uwa, ga ma'anar misalin nan. Idan mutum ya sami matsayi, mukan ce wane ya hau, wane ya yi sama, an ɗaukaka shi. Dukan mutanen ƙauyen nan sun hau, ba su kuma yi laifi ba. Amma mutum ɗaya ne ya sauka bayan ya tsira, ya hau da wani a bayansa, wanda ma bai cancanta ba. Haka Mai Cetonmu ya yi. Yana cikin ɗaukaka ya sauko inda muke a karye, ya ɗauke mu tun ba mu roƙi gafara ba.

In Allah ya ɗaga ka, ko ta ilimi, ko ta aiki, ko ta lafiya, ka gode masa, sa'an nan ka leƙa ƙasa. Akwai wanda ka san sunansa yana zaune a kan katanga.