Sarkin Feshi da Tumakin Yayarsa

Akwai wani mutum da ya naɗa wa kansa sarautar Sarkin Feshi. In ya goya tankin maganin ƙwari, cewa yake fara na hango inuwarsa take canja gona. Yakan rantse shekara ashirin yana feshi, ko kaza ba ta taɓa atishawa ta dalilinsa ba, wai hannunsa ya san ƙwaro ya san dabba.

Yayarsa ta yarda da shi, don ita ta goye shi. Da 'yarta ta kwanta asibiti, ta kora tumakinta tara zuwa gidansa, ta tafi jinya. Cikinsu har da wata tsohuwar tunkiya da marigayi mijinta ya bar mata, wadda ita ce uwar garken duka. Sarkin Feshi ya ce ta je hankali kwance, za ta dawo ta tarar sun yi ƙibar da ƙofa ba za ta ɗauke su ba.

Bayan sati shida ta dawo, ƙofa kuwa ta ɗauke su har da sauran wuri. Ƙanana biyu sun mutu, wasu biyun na tafiya suna haɗa hanya. Tsohuwar tana kwance, ko kai ba ta ɗagawa. Manyan ragunan dai ras suke, suna ta cin abincinsu.

Da su ya kafa hujja. Ya ce in ciwo daga gidansa ne, me ya hana ya kama waɗannan? Ya ɗora wa tsutsar ciki, ya ɗora wa zafi, har ya fara raɗa mata cewa maƙwabciyarta ta daɗe tana yi wa garken wani irin kallo. Saura kaɗan Yaya ta ɗauki gaba da matar da ba ta san hawa ba.

Ta dai kira likitan dabbobi. Ya ɗaga fatar idon ɗaya daga cikin ƙananan, ciki fari fat kamar takarda. Ya ɗebi jinin ƙarami, na rago da na tsohuwar. Da ya dawo da sakamako, ya ce guba ce suke sha kaɗan-kaɗan. Jinin ƙananan ya tsinke, don jikinsu bai yi ƙwarin tace ta ba. Na tsohuwar ma ya yi ƙasa, jikinta ya gaji. Ragunan kuwa ƙarfi ne ya rufa musu asiri, amma su ma ta fara taɓa su.

Likita ya tambayi ƙanin nata a ina yake wanke tankinsa.

"A gona," in ji Sarkin Feshi. "Ni da ko takalmin aiki ba na shigowa da shi gida."

Daidai nan matarsa ta fito da ruwan baƙi, ba ta san kan zancen ba.

"Gona kuma, Maigida? Ba a rabin duron can kake ɗauraye shi ba, don ya fi kusa da famfo? Ai da bakinka ka ce in daina shayar da akuyarmu a ciki, in bar wa na Yaya."

Yaya ta dubi akuyar tasu, tana sheƙi a gindin bishiya da bokitinta daban. Ta dubi ƙaninta.

"Ashe ka sani, Auta."

Ta durƙusa ta tallabo kan tsohuwar tunkiyar, ta roƙi likita ya taimaka mata su ɗauke ta daga gidan.

Darasi: Maganin ƙwari yana cin jinin dabba a hankali, kuma ƙanana da tsofaffi yake fara kayarwa, don haka lafiyar manya ba shaida ba ce. Kada a wanke kayan feshi inda dabba ke sha. Abin da ka tsare naka daga gare shi, kada ka miƙa wa amanar wani. Ku tura wa duk mai kiwo da mai feshi da kuka sani.