Gishirin Rabe a Gindin Gawo

Rabe malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Magaria, saurayi mai fara'a da sakin hannu, ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Aibinsa ɗaya ne. Ba ya ɗaukar shawarar wanda bai yi lakwal ba. In tsoho ya faɗa masa abu, sai ya saurara cikin ladabi, ya yi murmushi, sannan ya je ya yi abin da ya ga dama. Ba rashin kunya yake yi ba, a ransa ne kawai ya yanke cewa duk abin da ya cancanci a sani yana cikin littafi.

Yana da abokai biyu tun na ƙuruciya. Ari Babarbare ne, mai gyaran keke a bakin kasuwa. Isufu kuwa tela ne, mutum mai sanyin hali da son cin abinci. Sun san halin Rabe, suna kiransa Mushe don tsokana, yadda ƴan lakwal ke kiran malaminsu da Faransanci, kuma suna son abinsu haka nan. Kowace shekara bayan kaka, idan lakwal ta ba da hutu, sukan ɗaure tabarmi da buta da ƴar tukunyar shayi a bayan kekuna su zaga ƙasa: Dungass, Waca, Yekuwa, Sassumbrum, su komo gida.

A shekarar 1976 tafiyar ta zo da wani nauyi. Rabe yana neman auren wata yarinya a Yekuwa mai suna Hinda, ita ma tana sonsa. Kawunsa ya riga ya je ya yi magana, amma mahaifinta, Malam Mainassara, ya ce yana so ya ga saurayin da idonsa ranar Jumma'a bayan an sauko daga masallaci, kafin ya ba da amsa. Rabe ya sayi goro da ƙaramin buhun gishirin beza mai kyau don gaisuwar surukai, ya ɗaure su a bayan sabon kekensa baƙi mai ƙararrawa biyu.

Kwana huɗu na farko sun wuce lafiya. Suna tashi da sallar asuba, su taka kafin rana ta yi ƙarfi. Inda rairayi ya yi zurfi sai su sauka su tura, Isufu yana nishi yana rantsuwa cewa baɗi a kan jaki zai zo. Ƙaya ta huda ƙafar keken Ari sau uku kafin Dungass, shi mai gyaran da kansa, abin da ya sa suka yini suna masa dariya. A kowane gari sukan fara gaida mai gari, a ba su zaure, mata su aiko da fura. A Waca sun sha rake har muƙamuƙinsu ya yi ciwo. Rabe kuwa duk inda suka tsaya sai ya ciro tsumma ya goge kekensa, ya taɓa buhun gishiri ya tabbatar ɗaurin bai saki ba.

Ranar Alhamis da hantsi, a kan hanyar Yekuwa, suka iso rugar wani dattijo Bafulatani da kowa ke kira Bappa. Yana noma, yana kiwo, kuma fari ya cinye masa shanu sai ƴan kaɗan da yake ta lallaɓawa. An gama girbi, don haka ya sauka da su a cikin gonarsa suna cin kara. Ari ya san shi, kuma akwai wasa tsakanin Barebari da Fulani, shi ya sa tun daga nesa ya fara kira wai a fito a tarbi ubangida da ƙwaryar nono.

"Ka ga Babarbare," in ji Bappa yana dariya, "ya tako ƙasa guda don ya roƙi nono. Ku shigo, samari. Kai kuma, Ari, zauna can baya."

Aka shimfiɗa musu tabarma a rumfa. Bappa ya buɗe wani ɗan shinge na ƙaya kusa da bukka, inda ake ajiye hatsi, ya ce su shigar da kekunan. Ari da Isufu suka shigar da nasu. Rabe ya dubi ƙayar, ya dubi rana, sai ya tura nasa zuwa gindin wani babban gawo da ke tsakiyar gona, shi kaɗai ne itace mai ganye a wurin.

Bappa ya bi shi da ido, ya tambayi abin da ke cikin buhun. Da aka ce gishiri ne, ya ajiye ƙwaryar da ke hannunsa.

"Ɗana, ɗauke shi daga can. Inuwar nan ta shanu ce, da azahar nan suke kwanciya. Kuma rabonsu da lasar gishiri tun kafin damina."

Rabe ya yi murmushin nan nasa. Ya bayyana wa tsohon a hankali cewa zafin rana yana kumbura iskar da ke cikin taya har ta fashe, ƙaya kuma tana hudawa, ga buhun an ɗaure shi da igiya biyu. Ari ya ce, "Mushe, wannan ba aji ba ne. Mai shanu ya gaya maka halin shanunsa." Rabe ya ce ai yana hangen keken daga nan. Bappa ya ƙyale shi, don ba a yi wa baƙo gardama sau biyu.

Suka sha fura da kindirmo har suka yi nauyi. Suka yi sallar azahar. Gajiyar kwana biyar ta sauko musu, barci ya kwashe su ɗaya bayan ɗaya. Bappa ya tafi rijiya ɗauko jakinsa, a daidai lokacin da shanun suka baro bakin rijiyar ta wata hanya suka nufo inuwarsu.

Ƙarar ƙararrawa ce ta tashi Rabe. Ya hango shanu sun yi cincirindo a gindin gawo, suna ture juna. Ya ruga ba takalmi yana ihu, su kuwa ko a jikinsu. Sai da Bappa ya iso da sanda ya kira su da sunayensu sannan suka watse. Buhun ya yage, gishirin ya cakuɗe da ƙasa da yawu. Goron ya dagargaje a ƙarƙashin kofato. Wani bijimi ya taka ƙafar keken ta gaba ta lanƙwashe, wata saniya kuma ta tauna sirdin fata saboda gumin da ya sha.

Rabe ya tsuguna a wurin yana tsintar ragowar goron. Isufu, wanda da farko dariya ta taso masa, ya ga fuskar abokinsa sai ya haɗiye ta. Bappa ya yi ta ba da haƙuri kamar shi ya yi laifin, har Rabe ya ji kunya ta fi asarar ciwo.

Ari ya cire ƙafar ya ɗora ta a kan turmi, ya yi ta daddanna ta yana ɗaure wayoyinta. Ba ta miƙe yadda za a hau ba sai da hantsin Jumma'a. Isufu ya naɗe sirdin da tsumma ya ɗinke shi da kyau. Matar Bappa ta ba su ɗan tulun man shanu don kada su shiga gidan mutane hannu wofi. Suka taka iya ƙarfinsu, ƙafar tana rawa, suna tsayawa gyara, amma rana ta faɗi ba su kai ba. Sai ranar Asabar suka shiga Yekuwa.

Labari ya riga su zuwa, domin masu tallan nono sun kai shi tun jiya. Malam Mainassara ya karɓe su a zaure da mutunci, ya sa aka kawo ruwa. Bayan an gama gaisuwa ya tambayi Rabe abin da ya tsare shi. Isufu ya buɗe baki zai ɗora wa hanya laifi, Rabe ya taɓa gwiwarsa. Ya faɗi komai yadda ya faru, har da cewa an gargaɗe shi bai ji ba.

Malam ya daɗe yana jan carbi.

"Na ji daɗi da ba ka ɓoye ba," ya ce. "Gishiri ba komai ba ne, muna da shi a gidan nan. Amma Hinda ba ta yi lakwal ba, Rabe. Uwarta ma haka, ni ma haka. Ranar da ta ce maka ka ɗauke wani abu daga inda ka ajiye shi, za ka ji?"

Rabe ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Zan koya, Baba."

"To, je ka koya. Ban hana ka ba, ban kuma ba ka ba. Ka komo kakar baɗi mu gani."

Haka suka fito. Bai ga Hinda ba ranar, sai muryarta da ya jiyo daga cikin gida tana kiran awaki. A hanyar Sassumbrum ba wanda ya tsokane shi har suka yi nisa. Da suka iso inda hanya ta rabu biyu, wata tsohuwa na zaune tana ɓarar gyaɗa. Rabe ne ya sauka daga keke, ya gaishe ta har ƙasa, ya tambaye ta wadda ta fi sauƙin rairayi. Ta nuna ta hagu, suka bi ta hagu. Shekara guda cur ya yi yana jira kafin Malam Mainassara ya ce ya amince.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, karatu abu ne mai daraja, amma bai ƙunshi dukkan sani ba. Makiyayi ya san shanunsa, manomi ya san gonarsa, tsohuwa ta san hanyar garinsu, kuma sun biya wannan sanin da shekarun rayuwarsu. Idan wanda ya san wuri ya ba ka shawara, kada ka auna ta da takardar da yake da ita ko wadda ba shi da ita. Ka saurara da gaske. Rabe ya yi sa'a, shekara ɗaya kawai girman kai ya ci masa, kuma yana da abokan da suka tsaya masa. Ba kowa ke samun wannan sauƙin ba.