Tambura Bakwai na Sarki Dambo

A zamanin da, tun ana ƙidayar nisa da kwanan tafiya, an yi wani sarki mai suna Dambo. Ƙasarsa ta yi faɗi ƙwarai, har umarninsa kan kwana goma a hanya, ya isa bakin iyaka ya canza kama. Sai ya yi shela cewa duk wanda ya kai maganarsa iyaka a wuni guda, ba ragi ba ƙari, zai ɗaukaka shi.

Wani makaɗi mai suna Nomau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, a gina hasumiya bakwai, kowace da tambari. Kiɗa zai iso wa makaɗi ya yi rauni, shi kuma ya buga shi da ƙarfi ya miƙa gaba. Amma tambarin da ke ƙara wa gaskiya ƙarfi, haka zai ƙara wa kuskure. Don haka a zaunar da mai kunne gindin kowace hasumiya, ya ji abin da ya shigo, ya ji abin da ya fita. In sun saɓa, ko bugu ya yi yawa har fata za ta fashe, ya yanke tsarkiyar da ta ɗaure fatar, tambari ya yi shiru."

Aka yi haka, abu ya yi kyau. Wanda bai ji daɗi ba shi ne Waziri Jatau, domin dā ta bakinsa saƙo ke bi, yana murɗa shi yadda ya so.

Shekarar nan fari ya faɗa wa garin Kwari, garin da ya taɓa kai ƙarar Waziri. Sarki ya sa aka buga cewa a buɗe musu rumbuna. Ashe Waziri ya riga ya aika an yanka Cindo, mai kunnen hasumiya ta uku, an jefa gawarsa rijiya, an saye makaɗin wurin da alkawarin sarauta. Saƙo ya isa ga dakaru cewa a ƙone musu rumbuna, wanda ya hana a sare shi. Mutanen Kwari suka fito da fartanya, aka bi su da takobi har cikin ɗakunansu. Aka kashe ɗari uku, jini ya kwarara a kwata.

Waziri ya ce wa Sarki, "Zaki, ga abin da kiɗan Nomau ya jawo." Sarki ya fusata, nan take Hauni, mai zartar da hukuncin Sarki, ya sare hannun daman Nomau, aka tsoma dungun cikin tafasasshen mai. Nomau ya suma. Da ya farfaɗo a kurkuku, ba hannunsa ya tsaya masa a rai ba, tambaya ɗaya ce: ina Cindo, da bai yanke tsarkiya ba? Ya roƙi a kai shi gaban Sarki su biyu kaɗai, ya faɗa masa dabara.

Kashegari Sarki ya ce a fada, "An tsinci Cindo da rauni a wani ƙauye bayan hasumiya ta bakwai. Bayan kwana bakwai, in ya ji sauƙi, da hantsi a buga a kawo mini shi da ransa." Da jin haka Waziri ya aika wa makaɗin hasumiya ta uku a asirce.

Sarki ya ce ya shiga halwa, ya fita ta ƙofar baya da Nomau da dogarai, suka sauka gindin hasumiya ta huɗu. Da ranar ta zo, wajen azahar kiɗa ya taso daga ta uku. Nomau ya kasa kunne, ya ce, "Ranka ya daɗe, cewa ya yi a kawo maka kansa." Makaɗin ta huɗu ya tabbatar.

Aka je aka jawo makaɗin ta uku ƙasa. Bulala bakwai ya sha ya tona komai, ya nuna rijiyar. Aka ɗaure Waziri tamau, aka kai shi Kwari, aka fille kansa a kan tokar rumbunan, matan da ya mayar gwauraye suna kallo.

Sarki ya ɗauki damin gero da kansa ya ajiye a gabansu. Ba wadda ta yi guɗa. Ya juya ga Nomau ya ce, "Na zalunce ka. Me zan ba ka?"

Nomau ya ce, "A fito da Cindo a yi masa sutura. Sa'an nan a sa masu kunne biyu a kowace hasumiya, ni zan zaɓe su."

Sarki ya yarda, ya naɗa shi Sarkin Tambura. Shekara ashirin ya yi yana zagaya hasumiyoyin nan, yana koyar da kiɗa da hannun hagu.