Guɗar Tarbar Kakan Dagaci

Bayan shekaru a kudu, Jatau ya dawo ya tarar kasuwa ta tashi, rijiya ta ƙafe, gonar ubansa kuma tana hannun Dagaci.

Dagaci ya ce, "Kakana shi kaɗai ya zo ya sari dajin nan. Ku Maguzawa baƙi ne. Kana son gona? Kawo wanda ya ga kakanninka kafin nawa."

Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, wai gaskiya ne da guɗa aka tarbi kakanka?"

"Ƙwarai! Tambayi maroƙa. Mata sun yi guɗa har muryarsu ta dushe!"

"To matan wa? Na birai?"

Fadawa suka sunkuya suna ƙunshe dariya. Aka mayar wa Jatau da gona. Ya miƙa wa ƙaninsa da ke gida fartanya, ya shiga ɗaure jakarsa don komawa kudu.