Akwatin da ya ƙi jin muryar Inna

Akwai wani mai gyaran rediyo, ana ce masa Sarkin Waya. Mutumin nan ji yake kamar a ɗakinsa aka haifi lantarki. Ko hanya ce ta ɓace masa, gara ya wuni yana zagaye da ya tambayi wani.

Ana nan sai likita ya ce za a yi wa mahaifiyarsa aiki a maƙogwaro, kuma ba lallai muryarta ta dawo ba. Inna kuwa muryarta ce gishirin gidan. Da ita take rera wa jikoki waƙar barci, da ita take wanke kowa tas.

Sarkin Waya ya rantse sai ya naɗi muryar nan kafin a yi aikin. Ya aro makirfo mai kyau da ɗan akwatin sauti da ake jonawa a kwamfuta. Kwamfutar tasa tsohuwa ce, Linux ce a kanta, manhajar nan da jama'a ke haɗuwa su gina kyauta.

Ya jona. Fitilar akwati ta kama, kore shar. Sauti kuwa, ko tarin sauro babu.

Ya canza waya, ya hura ramin da ake jona ta, ya kashe ya kunna, har da ɗan mari ya ba kwamfutar.

Inna ta gyara zama a kujera ta ce, "Ɗan nan, in rera ko in je in kwanta? Tun safe kake 'gwaji, gwaji' kamar mai kiran kaji."

Matarsa ta leƙo. "Maigida, ka tambaya mana. Ba ka ce masu manhajar suna da dandali a intanet ba?"

"Ni? In tambaya?"

"To zauna. Gobe dai za a yi wa Inna aiki."

Jama'a, girman kai ba ya naɗar murya. Gogan naku ya haɗiye nasa, ya rubuta kukansa a dandalin da Turancinsa mai ɗingishi.

Ba a jima ba wani baƙo daga wata ƙasa mai nisa ya amsa: "Rubuta wannan layin, ka turo min duk abin da kwamfutar ta amayo."

Ya tura. Baƙon ya ce, "Akwatinka sabon samfuri ne. Manhajar tana ganinsa, amma ba su san juna ba. Bari in haɗa su."

Gyaran farko ya ƙi. Na biyu ya kawo ƙara kamar ana suya. Bawan Allahn nan bai gaji ba, ya zauna ya rubuta sabon gyara musamman domin tsohuwar da bai taɓa gani ba.

Sarkin Waya ya saka gyaran, Inna ta yi tari. Sai ga wani layi ya yi tsalle a fuskar kwamfuta, tarin ya fito a lasifika tangaran!

"La ilaha! Wa ya saka ni a ciki?"

Ranar an naɗi waƙa, an naɗi addu'a, har faɗan sai da aka naɗa.

Aka yi aiki lafiya, amma muryar ba ta dawo ba, sai raɗa. Sarkin Waya ya tura wa baƙon waƙar, ya rubuta, "Saurari abin da ka ceto mana."

Amsa ta zo: "Na gode, amma ba zan iya ba. Ciwo ya ɗauke min ji tun ina saurayi. Lambobi nake karantawa, da layin nan mai tsalle. Ka dai faɗa min, yaya muryarta take?"

 Ashe kurma ne ya gyara wa Sarkin Waya sauti! Ya karanta wa Inna saƙon.

Ta jawo kunnensa ta raɗa masa, "Ce masa muryata ta fi ta uwar kowa daɗi. Kuma ce masa Wanda ya halicci kunne ya ji addu'ar da na yi masa."

Darasi: Tambaya ba ta rage tsawon mutum, kuma alheri na gaskiya shi ne ka shuka abin da ba kai za ka ci ba. Tura wa wannan ɗan'uwan naka mai taurin kai labarin nan, ka san shi ai.