Yadda Kurege Ya Manta Yawan 'Ya'yansa

Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya matso ya ba ni aron kunne.

Ta zo mu ji ta, kunne naka ne.

Kurege ne dai, ɓarawon gyaɗa. Wata rana ya shiga gonar wani manomi, sai ya tarar da waya a gindin kuka, mai ita ya zaga bayan gona. Ya ɗebi gyaɗa, ya ɗauki waya, ya ce, "Tsintuwa ai ba sata ba ce."

Tun daga ranar Kurege ya tashi daga aiki. Da safe waya, da rana waya. In caji ya yi ƙasa, ya lallaɓa wurin solar famfon gari ya jona, ya dawo bakin rami ya kishingiɗa, yana kallon yadda ake toya ƙuliƙuli a wasu garuruwa, miyau na zuba.

Matarsa Lantana ta ce, "Maigida, ga tuwo."

"To, na ji."

"Maigida, ɗaki na yoyo."

"To, na ji."

'Ya'yansa su zo su ce, "Baba, duba, mun iya tono!"

"To, na ji." Ko ɗaga ido ba ya yi.

Ana nan, ana nan, har labari ya kai kunnen Kura. Ran nan Lantana za ta kai niƙa, ta ce, "Maigida, ga yara nan, ka sa musu ido." Ya ce, "To, na ji." Fitarta ke da wuya sai ga Kura da buhu.

"Salamu alaikum, Kurege."

"To, na ji."

"Yaran nan naka sun yi ɓul-ɓul. In kwashe su in yi farfesu?"

"To, na ji."

Ita kanta Kura sai da ta riƙe baki. Ta ce, "Kai, duniya! Ko gardama babu?" Ta zuba su a buhu ta yi gaba.

Lantana ta dawo, ta ga gida tsit, ta ga sawun Kura har bakin tabarma. Ta saki ƙwaryar gari, ta fizge wayar.

"Ina yarana?"

"To, na..." Sai ya ga sawun. Gashin jelarsa ya miƙe tsaye. "Innalillahi! Da rana tsaka? A gabana?"

"A gabanka, Maigida. Da hancinka za ta ɗauka ma, da ta ɗauka."

Kurege ya karɓi wayar ya zura da gudu, sai kogon Kura. Ya tarar tukunya na kan wuta, buhu na motsi. Ya saita waya, ƙyas, ya ɗauki hotonta.

"Gwaggo Kura, leƙo ki gani."

Kura ta leƙa, ta ga Kura, haƙora a waje. Ta yi tsalle da baya. "Wayyo! Wa ya sa ni a ciki?"

"Kurwarki ce na kama. In na danna nan, kin zama marigayiya."

"Ƙarya kake!"

"Ga fara can a kan dutse." Ƙyas, ya ɗauki hoton fara. Ya goge hoton, ya kaɗa jela a ɓoye, fara ta tashi. "Ina take?"

Kura ta duba dutse, babu fara. Sai ta ce, "Ɗan'uwa, wasa nake yi. Nawa ne ma yaran naka?"

Kurege ya sosa ƙeya. "Uku."

Kura ta dube shi, ta dubi buhu, ta sake dubansa. Ta zaro uku ta miƙa.

"Da cinyar ragon can da ke rataye," in ji Kurege. "Ladan gudu."

Ya taho gida yana taƙama, yara a gaba, cinya a kafaɗa. Lantana ta tare su a ƙofa, ta duba, ta sake dubawa.

"Ina Auta?"

"Wace Auta?"

"Wadda na haifa sati uku da suka wuce! Kana zaune aka raɗa mata suna. Liman ya tambaye ka, ka ce to, ka ji!"

Cinya ta faɗi daga kafaɗar Kurege. "Ke kika haihu? A gidan nan?"

Bai jira amsa ba, ya juya. Yana cikin gudu waya ta yi ƙara ta mutu, caji ya ƙare. Ya iso ya tarar ruwa ya tafasa, Kura na riƙe da 'yar mitsitsiyar yarinya a kan tukunya.

"Tsaya, Gwaggo!" Ya nuna mata baƙar fuskar waya. "Kin gani? Kurwarki ta suma. In ba ta koma cikinki yanzu ba, ba za ki ga la'asar ba."

Kura ta leƙa, duhu. Ta fasa ihu. "Yaya za a yi?"

"Miƙo yarinyar, ki haɗiye wayar. Kada ki tauna, kya ji wa kanki ciwo."

Ta miƙa Auta, ta wage baki, ta haɗiye. Waya ta tsaya mata a maƙogwaro, ba gaba ba baya. Tana kakari, idanu waje, Kurege ya goya 'yarsa ya ce wa ƙafa me na ci ban ba ki ba.

Da yamma Lantana ta dafa cinyar. Kurege ya zauna a tsakiyar iyalinsa, hannu babu komai, yana ta kallonsu ɗaya bayan ɗaya.

"Kai, yaya sunanka?"

"Ɗanjuma."

"Ikon Allah, har ka yi gashin baki! Ke fa?"

"Talatu."

Na ukun bai jira a tambaye shi ba. Ya raɓa jikin uwarsa, ya ja mata zane, ya ce a hankali, "Inna, baƙon nan yaushe zai tafi gidansu?"

Ƙurunƙus kan ɗan kurege. Wanda duk zai kalli waya, ya fara ƙirga 'ya'yansa, in kuma bai san yawansu ba, ya tambayi Kura.